Taren Fatake a Zamanin Na'ura Mai Ƙirƙirarriyar Basira

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya abincin bayinSa a hannun junansu, Ya halatta musu saye da sayarwa, Ya kuma yi musu iyakoki don kada mai ƙarfi ya cinye mai rauni. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya yi fatauci kafin a aiko shi har mutanensa suka shaide shi da amana, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa wata tambaya ce da wani matashi ɗan kasuwa ya kawo mana a nan Ɗan Issa bayan sallar la'asar, cikin kakar da ta wuce. Sana'arsa sarin wake da hatsi. Ya ce: «Allah gafarta malam, kowace safiya nakan buga waya Jibiya da Dawanau in ji kuɗin buhu, in ji yadda naira ta kwana, sa'an nan in hau babur in shiga ƙauyuka in sayi wake tun mai waken bai ji labari ba. Yanzu kuma ƙanena da ke karatu a Maradi ya nuna mini wata manhaja a waya wadda ake tambaya ta ba da amsa kamar mutum, ya ce a ƙasashen Turawa irinta ce take yanke farashin kaya. Shin ribata halal ce? In kuma na'ura ce ta yanke farashi, wa Allah zai tambaya?»

Mun ba shi amsa a gajarce a ranar, amma tambayar ta ci gaba da yi mana nauyi, domin ta shafi kowane magidanci da ke auna tiya da yamma. Shi ya sa muka ga ya dace mu faɗaɗa ta a nan, mu duba abin da masana tattalin arziki suka gano da abin da malaman fiƙihu suka riga suka shimfiɗa.

Mas'ala ta farko: mene ne farashi?

Ku sani, Allah Ya yi muku rahama, kuɗin tiyar hatsi a kasuwar garinmu labari ne da aka dunƙule cikin lamba ɗaya. A cikinsa akwai ruwan da ya sauka ko ya ɗauke a Dakoro da Mayahi, akwai yawan motocin da suka yi lodi a Dawanau, akwai kuɗin man fetur, akwai darajar naira a hannun ƴan canji, akwai kuma halin da iyaka take ciki. Mu mutanen bakin iyaka ba sai an karanta mana wannan a littafi ba. Dattawanmu ba su manta da yunwar 1984 ba, wadda aka laƙaba wa suna El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. A watan Janairu na 1994 an rage darajar sefa da rabi a dare ɗaya. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta sake rufe iyakokinta har zuwa Disamba 2020. A 2023 kuma abubuwa uku suka taru: cire tallafin man fetur a Nijeriya cikin Mayu, sakin naira cikin Yuni, da rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, wanda bai ɗage ba sai a Maris 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, tun kafin a gama jin bayaninsa a rediyo, ma'auna sun riga sun faɗe shi a bakin tiya.

Wannan shi ne abin da wani masani mai suna Friedrich Hayek ya yi bayani a wata maƙala tasa ta 1945. Ra'ayinsa shi ne sanin halin kaya a warwatse yake a cikin kawunan dubban mutane, babu wani sarki ko ofishi da zai iya tattara shi, amma farashi yana tattara shi ya isar wa kowa. Idan kaya ya yi ƙaranci kuɗinsa ya hau, mai saye ya rage, mai kaya a nesa ya ɗauko, ba tare da kowannensu ya san dalilin ƙarancin ba. Tun kafinsa Adam Smith, a littafinsa na 1776, ya nuna cewa gasa tsakanin masu neman riba tana iya jawo alheri ga jama'a ko da ba shi suka nufa ba.

Wannan magana tana da asali a wurinmu. Ya zo a hadisin Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke musu farashi, sai ya ƙi, ya mayar da al'amarin ga Allah, ya kuma bayyana fatansa na ya haɗu da Ubangijinsa babu mai bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728 bayan hijira, ya yi bayani a littafinsa na hisba cewa idan ƴan kasuwa suna sayarwa bisa al'ada ba tare da zalunci ba, sai kuɗi ya hau saboda ƙarancin kaya ko yawan masu nema, to tilasta musu wani farashi zalunci ne. Ashe ke nan malamanmu da masanan Turai sun haɗu a kan cewa farashin kasuwa lafiyayya abin girmamawa ne. Saura mu san me ake nufi da lafiyayya.

Mas'ala ta biyu: sharuɗɗan lafiyar kasuwa

Kasuwa ba ta zama lafiyayya sai da sharuɗɗa biyu. Na farko, masu sayarwa su kasance da yawa kuma ba su haɗa baki ba. Na biyu, mai saye da mai sayarwa kowannensu ya san abin da yake ciki, na ingancin kaya da na kuɗinsa. Adam Smith da kansa ya yi kashedi cewa ƴan sana'a ɗaya ba safai suke zama wuri guda su tashi ba su ƙulla abin da zai cuci jama'a ba. A 1970 kuma George Akerlof ya nuna, da misalin kasuwar tsofaffin motoci, cewa idan mai sayarwa ya san aibin kaya mai saye bai sani ba, mai saye zai rage tayi ga kowa da kowa, masu kaya nagari su janye, har kasuwar ta lalace. An ba shi kyautar Nobel a 2001 tare da wasu masana biyu saboda wannan fage.

Shari'a ta riga ta tsare waɗannan ƙofofi tun ƙarni goma sha huɗu da suka shuɗe. Ta hana algus da ɓoye aibi, kamar yadda ya zo a ƙissar tulin abincin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa. Ta hana najashi, wato mutum ya ƙara tayi alhali ba ya nufin saye, don kawai ya ruɗi wani. Ta hana ɓoye abinci lokacin da mutane ke bukata don a jira tsada. Ta kuma hana taren fatake, wato a fita bayan gari a tari masu kawo kaya a saye kafin su iso kasuwa, har a ruwayar Muslim an ba mai kayan zaɓin warware cinikin idan ya iso kasuwa.

Ku lura da wani abu mai kyau a nan. Ibnu Rushdi ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa malamai sun saɓa kan dalilin wannan hani. Imamu Malik yana ganin an yi shi ne don mutanen kasuwa, kada mai tare ya keɓanta da arha ya bar sauran jama'a. Imamu Shafi'i kuwa yana ganin an yi shi ne don mai kaya, kada a cuce shi saboda bai san kuɗin gari ba. Duk wanda ka bi a cikinsu, mai tare bai ƙwaci kayan kowa da ƙarfi ba, bai kuma tauye mudu ba. Abin da ya yi shi ne ya riga kowa jin labari, sai ya tsaya a wurin da labarin bai kai ba ya mai da jahilcin ɗan'uwansa jari. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma a cikin wannan duhun mai tare yake cin ribarsa.

An gwada wannan magana da ƙididdiga a ƙasarmu. Wata masaniya ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi kuɗin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar salula take shiga gari bayan gari. Ta gano cewa inda waya ta shiga, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin ɗan kasuwa ya daina tafiyar yini guda don kawai ya ji kuɗin buhu. Wannan alheri ne bayyananne. Sai dai da ita da Marcel Fafchamps suka duba kuɗin da manomi yake karɓa, sun tarar bambancin ya ɗan ragu a wake, bai ragu ba a hatsi da dawa, kuma ba su ga kuɗin da ke shiga aljihun manomi ya ƙaru ba. Darasin da ke ciki shi ne, sabon ilimi yana fara amfanar wanda yake da jari da mota da wurin ajiya. Wanda bashi ya kama wa wuya a kaka, ko ya ji kuɗin Dawanau, dole ya sayar a inda yake. Kasuwa a kai miki dole.

Mas'ala ta uku: me na'urar take yi?

Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira lissafi ne da ake ɗora wa kwamfuta, a ciyar da ita bayanai masu ɗimbin yawa, a ba ta manufa, ta yi ta gwaji tana gyara kanta har ta gane hanyar da ta fi kai ta ga manufar. Irin wadda ƙanen mai tambayarmu ya nuna masa ta bazu a duniya ne tun fitowar ChatGPT a Nuwamba 2022, amma masu yanke farashi sun girme ta. Kamfanonin jiragen sama da manyan shagunan intanet sun daɗe suna barin manhaja ta canza kuɗin kaya sau da yawa a yini. Ba ta da zuciya, ba ta da niyya, ba ta jin kunyar maƙwabci. In an ce mata ta nemo riba mafi yawa, abin da za ta nema ke nan.

Ba mu musun amfaninta. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, tana amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen bin halin damina, kuma lissafin na'ura yana ƙara wa irin wannan hasashe kaifi. Idan aka san tun watan Satumba cewa wani yanki zai yi giɓi, ana iya kai masa cimaka kafin yara su rame. Amma bincike ya nuna hanyoyi uku da take iya rushe sharuɗɗan nan biyu da muka ambata.

Hanya ta farko ita ce haɗa baki ba tare da an zauna ba. A 2020 wasu masana huɗu ƴan Italiya, Calvano da abokansa, suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun sa manhajoji su yi gasar sayar da kaya a cikin kwamfuta, ba su ba su hanyar magana da juna ba, ba su kuma umarce su da haɗa kai ba. Bayan dogon gwaji sai manhajojin suka koyi tsayar da farashi sama da na gasa. Idan ɗaya ta rage, ɗayar takan rage ita ma na ɗan lokaci don ta hore ta, sa'an nan a hankali su koma sama tare. Wasu masanan kuma suka duba gidajen man fetur a Jamus, inda irin wannan manhaja ta yaɗu daga 2017, suka tarar a wuraren da gidajen mai biyu ko uku ne kawai, riba kan kowace lita tana hawa idan dukkansu suka ɗauki manhajar. A Agusta 2024 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta kai kamfanin RealPage ƙara bisa zargin cewa masu gidajen haya suna zuba masa bayanansu na sirri, manhajarsa kuma tana ba su shawarar kuɗin haya, abin da ya rage gasa a tsakaninsu. Ku kwatanta da kasuwarmu: da a ce duk manyan masu sarin hatsi daga Maradi zuwa Katsina malami ɗaya suke tambaya kuɗin da za su saya, ai sun zama mutum ɗaya ko da ba su taɓa gaisawa ba.

Hanya ta biyu ita ce yanka wa kowane mutum nasa farashi gwargwadon matsuwarsa. Masanin Ingila Arthur Pigou ya siffanta wannan tun 1920, cewa mai kaya da zai san iyakar abin da kowane mai saye zai iya biya, da ya karɓe shi duka. A zamaninsa abu ne na takarda, domin babu mai shiga zuciyar wani. Yau wayar da ke aljihun mutum tana sanin inda yake da abin da ya nema da lokacin da kuɗi suka shigo masa. A Janairu 2025 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta fitar da rahoton farko da ke nuna ana amfani da irin waɗannan bayanai wajen nuna wa mutane farashi daban-daban. A Disamba 2014, lokacin da wani ɗan bindiga ya tsare mutane a wani shagon shayi a birnin Sidni na Ostareliya, jama'a na gudu daga tsakiyar gari, manhajar Uber ta ninka kuɗin mota saboda masu nema sun yi yawa, har kamfanin ya nemi gafara daga baya. Lissafin bai yi kuskure ba. Ya ga tsoro ya karanta shi a matsayin ciniki.

Hanya ta uku ita ce rigaye. Wanda yake da na'urar da ke karanta hoton gonaki daga sama, da kuɗin kasuwanni ɗari, da motsin naira, zai san ƙarancin bana tun manomi yana kallon zangarniya yana murna. Idan wannan sani ya zauna a hannun mutum biyar masu manyan sito, to taren fatake ya dawo da sabon kama. Da can mai tare yakan fita bayan gari ne ya riga kasuwa da tafiyar sa'a guda. Wannan zai riga ta da wata uku, yana zaune a ɗakinsa.

Har yanzu dillali da ma'auni ne ke ciniki a Ɗan Issa, da baki da hannu. Sai dai hanyoyin da abin zai biyo an riga an share su: waya tana kowane gida, kuɗi suna yawo ta cikinta, farashin Dawanau yana iso mu ta WhatsApp kafin hantsi, ga kuma layin dogo daga Kano zuwa Maradi ta Jibiya da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mas'ala ta huɗu: wa za a tambaya?

Wani zai ce: ni ban haɗa baki da kowa ba, ban yi ƙarya ba, na'ura ce ta faɗi lamba na bi, kuma ayyuka ai da niyya suke. Amsarmu ita ce niyyar tana nan, an ƙulla ta ne tun ranar da aka gaya wa na'urar abin da za ta nema, aka kuma ƙi gaya mata inda za ta tsaya. Fiƙihunmu ya san hukuncin abin da ba shi da hankali amma yana da mai shi. A cikin Muwaɗɗa akwai ƙissar taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, aka hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu gona, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobi ne za su biya. Risalar Ibnu Abi Zaidin, wadda muka karanta tun muna yara, ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai kora da mai ja da mahayi. Babu alƙalin da ya taɓa kiran saniya gaban shari'a, kuma babu manomin Madarunfa da zai yarda makiyayi ya ce masa ba da izininsa shanu suka shiga ba.

Na'urar sa farashi dabba ce da ake saki dare da rana a gonar mutane, kuma masu gonar ba sa ganinta balle su tsare. Saboda haka lamuni yana kan wanda ya ƙera ta, da wanda ya saye ta ya sake ta, da wanda ya ga ribarsa ta ninka ba tare da ya ƙara wahala ba amma ya ƙi tambayar daga ina. A Afrilu 2011 manhajojin wasu masu sayar da littattafai biyu a Amazon suka yi ta bin farashin juna, har wani littafin ilimin ƙuda ya haura dalar Amurka miliyan 23 kafin wani mutum ya lura. Wannan ya zama abin dariya domin babu mai cin littafi. Da hatsi ne a watan Yuli, da ba a yi dariya ba.

Mu a jihar Maradi mun san abin da muke faɗi. A 2005 noman da ya gabata ya yi giɓi saboda ɗaukewar ruwa da fari, amma kasuwanni ba su bushe ba. Hatsi yana nan a buhuna, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka, har buhu ya kai wajen jika 30 a tsakiyar damina, dabbobi kuma suka faɗi warwas, iyaye mata suka cika cibiyoyin tamowa da yara. Amartya Sen, a littafinsa na 1981, ya nuna da misalin yunwar Bengal ta 1943 cewa mutane suna iya mutuwa da yunwa alhali abinci yana gari, idan abin hannunsu ya kasa sayensa. Farashi yana jin muryar mai kuɗi ne kaɗai. Wanda ba shi da ko dala ba ya cikin lissafin masu nema, komai tsananin yunwarsa, kuma na'urar da ta koyi karatu daga farashi ita ma ba za ta gan shi ba. Wannan gurbi ne da zakka da sadaka da hukuma suke cikewa, kuma babu manhajar da za ta sauke mana shi.

Mas'ala ta biyar: abin da ya hau kanmu

Ga mai tambayarmu da ire-irensa muna cewa: neman labarin kasuwa halal ne, kuma ribar da ka samu saboda ka ɗauko kaya daga inda yake da yawa zuwa inda ake bukata, ka biya mai, ka ɗauki kasadar faɗuwar naira da ɓarnar ƙwari, haƙƙinka ce. Shari'a ba ta ce ka sayar da asara ba. Saye a ƙofar gidan manomi kafin kaya su kama hanya ba shi ne ainihin taren da aka hana ba. Amma idan ranar kasuwa ka tsaya a bakin gari kana tare amalanke, to ka faɗa cikin hanin kai tsaye. Idan kuma mai wake ya tambaye ka nawa ake saye a Jibiya ka rage masa, ka yi ha'inci. Idan ya ce maka shi bai san kuɗin gari ba, ka ba shi yadda ake ba mutane, to ya miƙa maka amana, kuma malaman Malikiyya sun ba irin wannan damar warware ciniki idan ya gano an tauye shi. Mafi tsarkin hanya ita ce ka faɗa masa abin da ka jiyo, ka faɗa masa abin da za ka kashe, ku daidaita a kan riba da ya sani. Wannan hukuncin ba ya canzawa don labarin ya zo maka ta bakin yaronka ko ta manhaja.

Ga manyan ƴan kasuwa muna cewa: duk wanda aka kawo masa irin wannan na'ura, ya tambayi abu biyu kafin ya karɓa. Shin abokan gasata su ma ita suke tambaya? Shin tana duba matsuwar mai saye ta ƙara masa? In amsar ɗaya ta zama i, to ya sani yana dab da abin da Yahaya ɗan Umar, malamin Ƙairawan da ya rasu a shekara ta 289 bayan hijira, ya yi magana a kai a littafinsa Ahkamus Suƙ, inda ya ba shugaba ikon fitar da ƴan kasuwar da suka haɗa kai kan farashin da ke cutar jama'a ya shigo da wasu.

Ga hukuma kuma muna tunatarwa cewa maganin tare shi ne labari ya isa ga kowa a lokaci guda. Ƙasarmu tana da tsarin SIMA mai tattara kuɗin cimaka a kasuwanni, tana da OPVN mai ajiya da sayarwa da rangwame a lokacin matsi. Idan na'ura za ta yi hasashen damina da farashi, to a mallaka wa irin waɗannan ma'aikatu, a karanta sakamakon da Hausa a gidajen rediyon karkara, a aika shi wayar manomi kamar yadda yake isa wayar mai sito. A kuma ƙarfafa bankunan cimaka na ƙauyuka, domin mun ga a binciken da muka ambata cewa labari ba ya amfanar wanda ba zai iya jira ba. Idan har ta kai ga sa baki a farashi, malamin Malikiyya Ibnu Habib ya nuna hanya: shugaba ya tara manyan ƴan kasuwa tare da wasu amintattu da za su gaskata maganarsu, ya binciki yadda suke saye da sayarwa, a tsaya kan abin da zai bar musu riba bai kuma cuci jama'a ba, da yardarsu.

Mu kuma limamai da ɗalibai, nauyinmu shi ne mu koma babin ciniki mu karantar da shi kamar yadda muke karantar da babin tsarki, mu kuma nemi sanin waɗannan sababbin abubuwa daga ƴaƴanmu da suka karance su, don kada a tambaye mu mu yi fatawa cikin duhu. Kuma babu laifi idan wanda ya jiyo kuɗin buhu da safe ya faɗa wa maƙwabcinsa a ƙofar masallaci kafin ya ɗaura wa jaki kaya. Wannan nasiha ce, kuma sadaka ce da ba ta rage jari.

Allah Shi ne mafi sani. Muna roƙonSa Ya sa albarka a gonakinmu da kasuwanninmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wanda bai sani ba, Ya sauƙaƙa wa talakawa abin sawa a baki, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.